Bayan Ɗakina a Gidan Bakin Ruwa

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Na ce in kuka ya zo mini a tsakiya a jira ni, don tun rasuwar mijina Malam hawayena ba sa neman izini.

Gidan da aka kai ni aure yana wajen Gammo, a kan tudu. Kakan Malam ne ya gina shi lokacin da yake dagaci, kuma har sarautar ta bar gidan mutane ba su daina cire takalmi a ƙofar zauren ba. Zaure ne mai baka, na tubali da azara, in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an yafa maka ruwan randa. Daga shi sai soron da ake hawa, sai ɗakunan mata a can ciki. Bayan katanga akwai garka mai mangwaro da dabino da rijiya, sannan gona ta gangara ƙasa. Da aka kawo ni daga garinmu Lakwaya fadama ce a ƙarshen gonar, ana rake da dankali. Daga baya aka tare rafin, ruwa ya hau ya cinye fadamar, ya zo ya tsaya a gindin gonarmu. Mun yi baƙin cikin rake, amma yara sun sami kifi, kuma tun daga nan ake ce mana gidan bakin ruwa.

Cikina na fari a gidan ya same ni. An shirya za a mai da ni Lakwaya in haihu a gaban uwata kamar yadda ake yi, sai naƙuda ta zo ban cika wata ba, ana tsakiyar damina, rafi ya kawo, ba hanya. Uwar Malam ce ta karɓi haihuwar. Namiji ne, ɗan mitsitsi, ya yi kuka, ya kama nono, amma bai kai suna ba Allah ya karɓi abinsa. A lokacin jariri irin wannan ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake sa shi. Malam da baffansa suka yi masa sutura, suka binne shi a bayan ɗakina, tsakanin ɗakin da katangar baya. Uwar Malam ta riƙe hannuna ta ce ruwa ne ya zube, tulu yana nan, in yi shiru. Na yi shiru. A zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a ji tana kukansa. Wannan ma ba shi da sunan da za a kama.

Na daɗe ban sake haihuwa ba. Da sauran suka zo, zancen ya riga ya kwanta, waɗanda suka sani kuma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai Malam. Shi ma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Amma duk ranar Sallah, in ya dawo daga idi, kafin ya cire babbar riga sai ya zaga bayan ɗakina ya tsaya, wai yana duba ko katanga ta tsage. Ni kuma sai in shiga ɗaki in tsaya daidai da shi ta ciki, bango a tsakaninmu. Ya san ina nan, na san ya sani. Haka muka tsufa.

Da na fita takaba, babban ɗana ya ɗauke ni zuwa gidansa a Gwarzo. Gidan bakin ruwa ya zama ba kowa. Ba na Malam kaɗai ba ne, gado ne da ba a taɓa rabawa ba tun kakansu, magada sun yi yawa, wasu ko fuskarsu ban sani ba. Ginin ƙasa kuwa in damina ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, sai ya fara zuba. Suka zauna suka yanke a sayar, gida da garka da gona gaba ɗaya, a raba. Ɗana ne suka ɗora wa dawainiyar. Da ya gaya mini na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na juya na ci gaba da tsinke zogale.

Dillali ya je ya ɗauki hotuna ya baza a waya. Ɗana ya karanta mini abin da aka rubuta, wai tsohon gidan sarauta mai tarihi, da lambu, da gona har bakin ruwa. Na ce ya manta da jemagun soro, ai su ma a ciki za a sayar. Muka yi dariya. Da ya miƙo mini wayar na ga ƙofar ɗakina a ciki, dariyar ta tafi.

Ba a jima ba aka sami mai so, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano. Ruwan ne ya ja shi. Ya ce zai bar zaure da soro yadda suke, ya gyara su, ya rushe ɗakunan mata ya yi ginin siminti, in ya gaji da birni ya zo da iyalinsa su huta. Na ji daɗin zauren zai tsira. Na kuma ce a raina in an rushe ɗakina an yi wani a kai, to, ƙasa ce a kan ƙasa, wanda ke bayan ɗakin ba abin da zai taɓa shi.

Sai ranar da ɗana ya kai ni in kwaso ragowar kayana, tuluna da dutsen niƙa da tsohon gadona na ƙarfe. An kusa ƙare ciniki, har Alhajin ya turo magina sun yi awo. Ɗana yana waje yana magana da mai mota, na lallaba na zaga bayan ɗakin. Na tarar an kafa turaku an ja igiya, an yi zane da farar ƙasa, kuma wurin yana tsakiyar zanen. Wani magini yana naɗe igiyarsa, na gaishe shi na tambaya me za a yi a nan. Ya ce ramin masai ne, Baba, nan ne ya fi nisa da rijiya. Gaskiyarsa. Ko ni ce mai ginin nan zan zaɓa.

Na dawo Gwarzo abinci ya ƙi shiga. Na san in na yi shiru za a sa diga a wurin. Na kuma san mutanen yanzu ba sa son gida mai kabari, in na yi magana Alhajin yana iya fasawa, kuma a cikin magadan akwai marayu da zawarawa da suka sa ido a kan wannan ciniki. Bayan wannan ga kunya. Wanda zan gaya wa shi ne mutumin da duk duniya ta sani a matsayin ɗana na fari. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba yana yaro, na ba shi duk kunyar da ta kamaci wancan. Yanzu ga shi da furfura, da surukai, in ce masa me?

Shi ya same ni da hantsi ina zaune a gindin darbejiya, kunun da matarsa ta kawo ya huce a gabana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya lura tun da muka dawo ban da lafiya, in gidan ne ba na so a sayar in faɗa masa.

Na ce, "Ba gidan ba ne. Akwai mutum a bayan ɗakina."

Ya ce, "Wane irin mutum, Inna?"

"Yayanka ne. Kafin kai aka yi shi. Bai kai suna ba."

Sai ya ce ashe shi ya sa duk yaron da ya yi fitsari a lungun nan nake bin sa da tsintsiya, su kuwa suna cewa aljani nake kiwo a wurin. Ya yi dariya kaɗan, sai ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Ya ce, "Ashe ni ƙane ne. Duk shekarun nan ina cin girman wani."

Na ce ya ci, halal ɗinsa ne, mai shi bai tsaya ya karɓa ba. Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba a ranar, har matarsa ta fito da gudu hannunta duk kumfa. Ya ce mata ta koma, ba komai, Inna ce take gaisuwar mutuwa.

Washegari ya tafi Kano da kansa, bai aika dillali ba. Alhajin bai ji daɗi ba. Ya ce matarsa ba za ta kwana a gidan da ta san da kabari a ciki ba, kuma shi ba zai ɓoye mata ba, a ba shi lokaci. Lokacin ya yi tsawo. Magana ta bazu cikin dangi, waya ta yi ta shigowa. Wasu suka ce jaririn da ya fi shekara hamsin ai ya zama ƙasa, me ya sa tsohuwa ba ta bar shi ya kwanta ba. Wani ɗan baffansu ya ce wa ma ya san ko rikicin tsufa ne. Duk a kunnena, don ɗana ba ya iya magana a waya a hankali. Abin da na ji yana maimaita musu shi ne, uwarsa ta ce akwai, to akwai, kuma ba da hannunsa za a haƙa masai a kan ɗan ubansa ba. Ban ji haushinsu ba. Ba su san yaron ba, kuma kowa da abin da ke cinsa.

Wanda ya warware abin limamin ƙauyen ne, da ɗana da Alhajin suka je wurinsa tare. Ya ce ba a sayar da kabari, ba a kuma tone shi ba tare da larura ba, amma tunda wurin yana jikin katangar baya, a cire shi daga cikin cinikin. In Alhaji ya zo gina sabuwar katanga sai ya lanƙwaso da ita ciki ya bar wurin a waje. Alhajin ya je ya duba, ya taka da ƙafarsa, ya ce wannan ai ko tabarmar sallah ba ta fi shi da yawa ba. Ya yarda. Aka sayar da gidan, aka raba, kowa ya karɓi nasa.

Bayan an ja katangar ɗana ya sake kai ni. Ban shiga ciki ba, ko da yake mai gadin ya ce Alhaji ya bar saƙo duk ran da na zo a buɗe mini. Ta waje na hango soron an yi masa sabon yaɓe, ya yi kyau ƙwarai, ɗakina kuma babu shi. Muka bi ta hanyar gona muka zaga baya. Katangar ta tafi sambal, sai ta yi ɗan lungu ta koma. Ɗana ya riga ya jera bulo gajere ya kewaye wurin don dabbobi, da hannunsa ya yi, a karkace, shi da bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Daga nan ana ganin ruwa. Da can katanga ta tare.

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na shafa. Na zauna a ƙasa, masu tafiya gona suna wucewa suna gaishe mu, ban ɓoye fuskata ba. Wata mata ɗauke da itace ta tsaya ta tambaya lafiya. Na ce ɗana ne a nan, na fari. Ta sauke itacen ta yi mini ta'aziyya sosai, kamar jiya aka yi rasuwar, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Na ce amin.

Da ta tafi ɗana ya zauna kusa da ni. Ya ce yana so ya tambayi abu, in ba zan iya ba in bari. Ya ce da wa ya yi kama.

Na ce ba shi da girman da za a ga kama, amma yatsunsa dogaye ne irin na ubanku, kuma da gashi ya zo, baƙi wuluk, kwance. In an taɓa tafin ƙafarsa sai ya naɗe ta. Ya ce sai me kuma. Na yi ta gaya masa, ashe ban manta komai ba, har aka kira la'asar a ƙauye, ya kama hannuna ya tashe ni.