Ranar Da Na Kai Mama Cocin Da Ba Shi Ba

Ko da zan shekara ɗari biyu, yinin nan na 2013 ba zai fita daga raina ba. Ina karatu a Alƙahira lokacin, ina zaune a unguwar Darrasa, sai mahaifiyata ta bugo waya cewa maƙwabciyarmu ta Kafanchan za ta biyo ta Masar da ayarin masu ziyara na cocinsu. 'Yar Katolika ce, tsohuwar ungozoma, ita ta karɓi haihuwata. Mama muke ce mata. Buri ɗaya ta zo da shi: ta kai carbin marigayi mijinta inda Kiristoci ke cewa Maryamu ta fake da jaririnta. Ranar da suka iso, ni aka ɗora wa kai ta wurin, kuma ƙarfe huɗu motarsu za ta tashi.

Ni kuwa na ci babbar riga mai sitacin da za ta iya tsayawa ba ni a ciki. A Tsohuwar Alƙahira ban tambayi kowa hanya ba, wai ni ɗan gari. A lissafina, wuri mafi tsarki dole shi ne mafi ƙawa. Na ja ta cocin da ya fi kowanne girma, mai ƙubba da fitilu kamar an sauko da taurari. Daga nan sai shagunan tsaraba, gicciyen azurfa da na ruwan zinariya, ina ta zuba Larabci don ta ba da labari a gida. Ita dai tana bina, carbin katako a dunƙule a hannunta.

Wajen uku da rabi ta riƙo hannun rigata.

"Ɗana, wurin nan ya yi kyau, amma ba nan ba ne. Maryamu gudun hijira ta zo."

Gumi ya karyo min har sitacin ya saduda. Na tari wani tsoho mai shara na tambaye shi inda Maryamu ta fake, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya nuna wani lungu da tsintsiya. Muka gangara da sauri, ina tattare riga kamar mai tsallaka kogi.

Wani tsohon coci ne ƙasa da titi, a cikinsa 'yan matakala sun gangara wani ɗan ɗaki mai duhu, wanda kicin ɗinmu ya fi shi faɗi. Nan ne wurin, an ma tare ƙofar ɗakin. Mama ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin matakalar, ta ɗora carbin a kan dutse. Minti goma ta samu. Na tsaya gefe ina jiranta.

A bakin mota na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. "Ka kai ni. Allah ya kai ka inda kake nema."

Har yau ina gode wa Allah da mai tsintsiyar nan. Tun ranar, idan na shiga wuri ƙyalƙyali ya ɗauke min ido, nakan tsaya in tambayi mai shara.