Kisan da Na Sanar a Rediyo

A bakin 'yan dambe, idan an kai mutum ƙasa sai a ce an kashe shi. Haka na saba faɗa a rediyo, shekarun da nake kawo labarin wasanni.

Akwai wani bahago ɗan unguwarmu, Kurmin Sarki, da ya yi shekara uku ba a kai shi ƙasa ba, har manyan filaye sun fara aiko masa da goron gayyata. Ranar da ya fara faɗuwa, santsi ne ya kwashe shi, ya tashi yana dariya. Da yamma na sanar cewa an kashe shi a turmi na biyu.

Mahaifiyarsa ba ta san yaren dambe ba. Tana jin haka ta yanke jiki ta faɗi. Da ya shigo gida da ƙafarsa, ta kama hannunsa na hagu ta ce, "In ka sake ɗaura masa zare, ban yafe ba."

Na je har gida na yi mata bayanin kalmar. Ta ce ta gane, amma ta ji mutuwarsa sau ɗaya, ya ishe ta. Ta rasu ba ta janye ba.

Yanzu faci yake yi a Gauraka. In na tsaya a sa mini iska, yakan ce, "Malam mai rediyo, kai kaɗai ka kashe ni ban tashi ba." Da dariya yake faɗa. Amma in mota ta wuce da kiɗan kalangu, sai ya cusa hannun hagun a aljihu.