Wayar Baba Haruna Tana Gajarta

Da na dawo Yamai bayan shekara bakwai ina karatun injiniya a Kanada, ban ga dalilin da zai sa mutum ya damu da radiyon magana ba, alhali ko mai sayar da kankara yana da salula. Shi ya sa da mahaifina ya ce in haye gada in gaida abokinsa Baba Haruna a unguwar Harobanda, ya ƙara da cewa mutumin ba shi da zance sai na wata waya da ke kan rufinsa, na ɗauka rigimar tsufa ce.

Baba Haruna mutumin Tawa ne. Shekara talatin ya yi yana aika saƙon gwamnati ta radiyo zuwa garuruwan arewa, da ya bar aiki kuma ya nemi izini ya kafa tasa a gida. Kowace safiya yana magana da wasu tsofaffi irinsa, ɗaya a Agadas, ɗaya a Bobo, da wani Bature da bai taɓa gani ba. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Tun daga nan bai wuce ƙofar ɗakinsa ba sai an ɗauke shi.

Na tambaye shi me ya sa ba zai kira su ta salula ba.

"Injiniya, salula sai ka san wanda kake nema," in ji shi. "Wannan kuwa kira nake yi, duk wanda ya ji ya amsa. Wa zan kira kullum ba a ce na dami mutane ba?"

Daga radiyon wata baƙar waya mai kaurin yatsa ta fita ta taga, ta hau rufi, ta haɗu da anten, wato dogon ƙarfen da ke aika murya. A wannan mahaɗi ruwa ke shiga. In ya shiga sai ya bi cikin wayar, jan ƙarfen ya yi kore, dole a yanke wurin a yar. Da yana da lafiya shi ke hawa kafin damina ya naɗe mahaɗin, ba a taɓa yanke komai ba. Shekarar farko da ya kwanta, wani mai gyaran tele, wato talabijin, ya rufe wurin da leda ya ɗaure, ruwa ya taru a ciki, aka yanke mita biyu. Shekara ta biyu wani ya naɗa daga sama zuwa ƙasa, ruwa ya bi bakin naɗin ya shiga, aka yanke mita ɗaya da rabi. Kowane yanka sai an ja teburin radiyon da gado kusa da taga. Ranar da na je, teburin ya riga ya manne da bango. Irin wayar ba ta samuwa a kasuwa. Ta tele da ake sayarwa ba ta yi.

Bana ya ce ba wanda zai hau sai 'yarsa Farida, wadda ke aikin jinya, yake tsokanarta da lokotoro, wato likita. Kwana goma tana koyo a kan sandar tsintsiya a gabansa: sikoci, wato tef mai mannewa, da farko, sannan robar cikin taya da aka yanka tsiri-tsiri, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya.

Ina nan safiyar Lahadin da ta hau. Matarsa, Inna Hawa, ta leƙa katanga ta yi kira yadda aka saba: "Maƙwabta, za a hau sama!"

"Inna, ni ce fa, ba namiji ba," in ji Farida daga tsani. "Wa zai ɓuya mini?"

"Hau ki yi shiru. Su dai san ba aljana suka gani ba."

Baba Haruna yana kwance fuskarsa ga taga, ba ya ganin komai sai ƙafar tsani. Muna jin takunta a kan kwano. Bayan kusan rabin awa ta ce ta gama.

"Roba nawa ta rage?" ya tambaya. Muryarsa ba ta kai rufi, ni nake maimaita mata.

"Ba saura. Duk huɗun na sa."

Ya rufe ido. "Ce mata ta warware. Biyu sun isa in an ja. Ba ta ja ba."

"Baba, na naɗa da kyau!"

"Kin naɗa kamar ƙafar majinyaci, kina tsoron hana jini gudu. Wannan ba ta da jini, lokotoro. Ja har robar ta yi siriri."

Ta yi tsaki, ta ce kwano ya fara ƙona mata gwiwa. Inna Hawa ta jefa mata tabarmar salla. Muka ji tana warwarewa. Hannunsa na dama yana motsi a kan zanen gado, yana zagayawa, yana ja. Da ta sauko da roba biyu a hannu, tafinta ya yi ja, bai ce madalla ba. Karɓa ya yi ya sa ƙarƙashin matashi.

Ba shi da hanyar ganin aikin, sai dai ya jira ruwan watan takwas ya gwada shi. Da zan tafi na tambaye shi abin da za a yi in ruwa ya sake shiga.

"Sai a yanke," ya ce. "Ba za ta ƙara kai ɗaki ba. Sai ku ɗauke ni da gadon ku aje ni waje gindin bango, inda ta tsaya."