Ƙuri'ar Dattijo da Bakin Mai Aski

A duk shekarun da na yi ina riƙe da aska a Ƙaura Namoda, akwai mako guda da ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Shi ne makon da kansiloli suka tashi tsige ciyaman na wata ƙaramar hukuma a nan yankinmu. Ba zan ce Ƙaura ce ko Shinkafi ko Zurmi ba, domin da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, ni kuma ba da farar fuska na fito a labarin ba.

Aski na gada wurin mahaifina. Cikin masu zuwa shagona akwai wani dattijo, kansila, wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar ƙaramar hukumar tasu, har sauran kansilolin Baba suke ce masa. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ya kwaso iyalinsa ya dawo Ƙaura da zama, daga nan yake zuwa zaman majalisa ya dawo. Duk Juma'a da hantsi sai ya shigo, ya cire hula, ya ce, "Sarkin aska, ga kan nan." Ba ya son inji, sai aska da kumfar sabulu.

A harin da ya tashe su aka kashe masa babban ɗansa a gona. Kwana bakwai ana karɓar gaisuwa, mutane na ta zuwa daga Zurmi, daga Shinkafi, daga Kasuwar Daji, amma ciyaman bai zo ba, bai kuma aiko ba. Baba bai taɓa yin ƙorafi a gaban jama'a ba. Sai wata Juma'a, daga ni sai shi a shago, na ji ya ce a hankali kamar da kansa yake magana, "Ko akuya ta mutu maka, maƙwabci kan leƙo ya ce Allah ya mayar da alheri." Na adana maganar a raina.

Bayan kamar shekara guda rigima ta ɓarke. Aka zargi ciyaman da karkatar da tirela guda ta takin zamani da aka turo wa manoma. Kowa ya san inda kowane kansila ya tsaya, kuma saura ƙuri'a ɗaya masu tsigewa su cika adadin da doka ta nema. Ƙuri'ar nan ta Baba ce, shi kuwa ya kama bakinsa gam.

Shagona ya koma dandalin hasashe. Direbobin tasha, 'yan kabu-kabu, masu sayar da hatsi, kowa da abin da yake gani. Wani malamin firamare ya ce, "Ku bar cika baki, tsohon ga ba a gane gabansa." Sai wani direba ya juyo wurina ya ce, "Kai da ke riƙe da kansa kowane mako, mi ka gani?"

Da na yi shiru, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma idanu sun dawo kaina, ni da ba a taɓa tambayata komai ba sai nawa ake aski, sai na ji kaina ya kumbura. Na ce, "Ku kwantar da hankalinku, an gama. Da kunnena na ji." Na kawo maganar akuya. Da na ga ta yi musu daɗi, sai na ƙara gishiri, na ce ya rantse mini sai ya ga bayan ciyaman. A raina ban ɗauka ƙarya nake yi ba, gani nake abin da ke zuciyarsa ne kawai na taimaka na fito da shi. Ban lura wani yana ɗaukar muryata a waya ba. Washegari wani direban Shinkafi ya tsaya ƙofar shago ya kunna mini muryar tawa, ya ce can ma kowa ya ji. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji.

Ranar zaman na rufe shago na bi mota har sakatariya, don in ga cikar maganata. Jama'a ta cika harabar, na kutsa da ƙyar na samu gefen taga. Ana kiran kansiloli ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa. Aka zo kan Baba. Ya dafa sandarsa ya tashi.

"Ban yarda a tsige shi ba," in ji shi.

Zaure ya ɗauki hayaniya. Ya jira har aka lafa, sannan ya ci gaba. "Motar takin ga, ni na gan ta da idona a hanyar ƙauyenmu, ran da na tafi duba kushewar ɗana. Ɓarayin daji sunka tare ta, sunka kwashe abin da za su iya, sunka sa ma saura wuta. Na faɗa ma kwamitin bincike, ba su rubuta ba. Tsakanina da mutumen ga akwai ciwo, kowa ya sani. In kun kawo laifin da ya yi, ni zan fara ɗaga hannu. Amma wanga bai yi shi ba."

Ya zauna. Tsigewa ta faɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake hana ni sakewa. Kafin Baba ya fito, waje ya rikice da ihun "An saye shi! An saye shi!" Hujjarsu kuwa ba wata ba ce, muryata ce. Wani ya ɗaga waya sama yana kunna ta, yana cewa, "Shekaranjiya ya rantse ma mai askinsa, yau ya juya. Mi aka ba shi?" Suka riƙa jifarsa da ledojin ruwa da ƙasa. Hularsa ta faɗi, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka ya karkaɗe. Ina tsaye ina kallo, bakin nan nawa mai kaifi ya kasa furta ko kalma. Ciyaman ɗin da aka ceta kuwa ya fito ta ƙofar baya, motarsa ta wuce ta gaban tsohon ko gilashi bai sauke ba.

Ranar Juma'a na buɗe shago ina addu'ar kada ya zo. Da hantsi sai ga sallamarsa. Mutanen da ke zaune suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna, ya cire hula kamar kullum. Na shafa sabulu, na ɗauki aska na kai kansa ina kauce wa idonsa a madubi.

"Natsu mana," ya ce. "Kada ka yanke ni sau biyu a mako guda."

Na ajiye askar na durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka."

Ya dube ni ya ce, "Maganar akuya na yi ta, ba zan musa ba. Saura kai ka ƙara. Kuma ko wadda na yi, kai na faɗa mawa, ba kasuwa ba."

"Na ɗauka na san abin da za ka yi, Baba."

"Ka san inda ke mini ciwo, shi ke nan abin da ka sani. Har yau in na hangi mutumen nan zuciyata tafasa take. Amma ranar tsayuwa ba za a tambaye ni ko ya zo mini gaisuwa ba, abin da idona ya gani za a tambaye ni. Tashi ka ƙarasa, kada mu rasa sahu."

A ranar na sa aka ɗauki muryata ina janye abin da na faɗa, ina rantsuwa cewa bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Ta farko ta zaga ƙananan hukumomi uku cikin wuni guda, wannan kuwa ko tasha ba ta wuce ba. Da zaɓe ya zagayo jam'iyya ta hana shi takara. Ya koma gida ya zauna, wasu har suka daina gaishe shi a masallaci. Bai taɓa sake tayar mini da zancen ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ni nake zuwa har gida in yi masa aski a zaure, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ma in siyasa ta yi zafi akan tambaye ni wa nake gani zai yi kaza, sai in ce Allah ne masani. Na koyi cewa sanin ciwon mutum ba sanin hukuncinsa ba ne, domin akwai bayin Allah da ke iya danne zafin ransu su tsaya kan gaskiya, ko da maƙiyinsu ne zai amfana. Na kuma koyi cewa maganar da mutum ya faɗa maka cikin rauninsa amana ce. Wanda ya kai ta kasuwa don a ce ya sani, shi zai sha tafi na wuni guda, mai maganar kuwa ya ɗauki tabon har kabari.