Abin da Muka Shanya a Faifai

Ranar wata Talata ce, a tsakiyar bazarar shekarar da na shiga aji uku, manya sun watse kasuwar Mafara aka bar mu da wanke-wanke. Ni da yayata Hassi muka gangara tafkin bayan ƙauyenmu a ƙasar Maradun, wanda gulbi ke cikawa da damina ya bar shi kwance har rani ya wuce. Rana ta take, ruwan ya yi ɗumi. Na sunkuya zan ɗiba da ƙwarya, sai na ga wasu abubuwa garai-garai suna yawo a cikinsa, kowanne bai wuce murfin kwalba ba, suna buɗewa suna rufewa kamar lema, da siraran zaruruwa a gefe. Ba kai, ba ido, ba wutsiya, har yashin ƙasa ana hangowa ta cikin jikinsu. Hassi ta ja da baya tana a'uziyya. Ni kuwa, da yake tsoro bai san hanyar gidana ba a lokacin, na cika ƙwarya da su.

Babanmu nake so ya gani. Masunci ne, ba abin da ke cikin ruwan nan da bai san sunansa ba, tun daga tarwaɗa da karfasa har gaiwa da kurungu. Mai-Labari yake kirana, wai bakina ya fi idona gani, kuma wallahi sunan yana ƙona mini rai. Na ce yau ga abin da zai rufe masa baki. Sai dai ya tafi su can wajen madatsar ruwa, ba zai dawo ba sai Juma'a. Inna, da ba ta je kasuwa ba ranar, ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Wanga abu ba ya kai Juma'a a haka. Ku shanya shi." A gidanmu kuwa duk abin da ake so ya daɗe shanya ce maganinsa, kifi ne, kuɓewa ce, ko yakuwa. Muka jera su ɗaya-ɗaya a faifai, muka ɗora bisa rumfa inda kaji ba sa kaiwa. Na yi surfe, na kai wa awaki dusa, muka yi 'yar carafke a zaure, hankalina duk yana kan rumfa. Da la'asar na taka turmi na sauko da faifan. Wayam! Sai ɗan tabo-tabo mai sheƙi, shi ma ina shafawa ya bi yatsa.

Ran Juma'a na ja Baba da hannu har bakin tafki, muka tarar da ruwa kwance ba ko ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mai-Labari, yanzu kuma ruwa kike shanyawa?" Da muka koma gida Hassi ta rantse ta gani, aka ce ai bakinmu ɗaya. Inna ta ce ita dai ta ga wani abu kamar majina, ta ci gaba da tankaɗenta. Daga nan duk bazara sai na leƙa tafkin, in an taso makaranta ko an aike ni kai abinci gona, ban sake ganinsu ba. Har aka kai ni ɗakina, har Allah ya yi wa Baba rasuwa, bai daina yi mini wannan tsiyar ba.

Bara 'yata Nafisa, da ke sakandare a nan Talata Mafara inda muke zaune yanzu, ta same ni ina tuƙa tuwo, ta nuna mini a waya hoton abubuwan nan da na sha ba ta labari. Na kusa yar da muciya. Ta ce malaminsu ya ce cike suke a teku iri-iri, wasu sun fi tabarma faɗi, wasu suna haske da kansu, kuma sun riga kifi zuwa duniya. Ba ƙashi, ba jini, kusan duk jikinsu ruwa ne. Ƙalilan ne ke zama a ruwa irin namu, suna maƙale a jikin dutse ƙanana ƙwarai, shekara da shekaru, sai ruwa ya yi ɗumin da suke so su fito. Ta ce, "Mama, ke nan suna nan har yanzu. Mu je mana."

Mu je ina? Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, ko mai babur ba ya yarda ya bi hanyar. Ciyawa ta cinye gonaki. Hassi ta rasu a gudun, Inna tsufa ya kai ta inda ba ta tuna ko sunana. Da tafkin yana kusa shaida ce babu, yau ga shaida a tafin hannu, wanda zan nuna wa kuwa yana kwance a maƙabartar da ko ziyara ba ma iya kai mata. Na bar gaya wa kaina za mu koma. Faifan ma can muka baro shi.