Sunan Malam, Karo na Uku

A gidanmu na Yako akwai suna guda da matan gidan ba ma faɗa, sunan mahaifinmu. Inna, wato mahaifiyarmu, tun da aka kawo ta gidan "Malam" take ce masa, alhali manomi ne, masara da dawa ya sani, karatunsa bai wuce na salla ba. Har mai injin niƙa na unguwarmu, da yake takwaransa ne, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "mai inji". A haka na tashi, a haka kuma zan ba da labarin nan. Wanda ya san gidan ya san sunan.

Cikin duk waɗanda Inna ta haifa mu biyu muka rage mata, ni ta fari da ƙanena, wanda muke ce wa Auta har yau da furfura ta fara fito masa a gemu. Ni ina aure a Tudun Wada, 'ya'yana kuwa dangin ubansu ke zaɓa musu suna, ba ni da ta cewa. Saboda haka da Malam ya rasu, sai ya zama in har sunansa zai sake zama a gidan, to ta hannun Auta ne. Inna ba ta taɓa ɓoye cewa abin da take jira ke nan ba.

Auta ya auro 'yar Fulanin Dangora, irin waɗanda suke noma suna kiwo. Yarinya ce marar hayaniya, in kin yi mata magana goma ta ba ki amsa ɗaya, ɗayar ma kanta a ƙasa. Haihuwar fari ta samu namiji, aka sa masa sunan Malam. Inna na ce masa Mai-sunan-Malam, sauranmu muna cewa Abba. Ya fara rarrafe ke nan damina ta zo da zazzaɓinta, ya koma. Na biyu ma namiji, aka mayar masa da sunan, kamar yadda ake yi. Shi wannan har ya yi ƙafa, yana bin kaji a tsakar gida yana faɗuwa. Amai da gudawa suka kama shi, kafin a yi wani abin kirki shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Lokacin girbin masara ne Auta ya kira ni a waya ya ce an sauka, namiji kuma. Na hau bas zuwa Kwanar Dangora, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Yako, yana gudu kamar shi aka yi wa haihuwar. Ina shiga gida, ko mayafi ban cire ba, na yi tambayar da kowace mai barka ke yi, da wane suna aka yi wa yaro huɗuba. Matan da ke zaune suka kalli juna. Ashe Auta ya yi masa kiran salla a kunne ya tashi abinsa, bai raɗa masa komai ba. Inna tana daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ai sananne ne, sai an tambaya?" Mai jego tana jin ta, ba ta ɗago ba.

Na sami Auta a zaure yana ba ragon suna dusa. Na ce, "Kai, Auta, wannan wane irin sakarci ne? Yaro yana ta kwana ba suna kamar ɗan akuya?"

Ya ce, "Yaya, ya kike so in yi? In na sa, ga waccan. In ban sa ba, ga Inna."

"Ita matar taka me ta ce?"

"Ta taɓa cewa wani abu ne? Abinci dai ba ta ci."

"To kai me ka ce?"

Ya shafa wuyan ragon, ya ce abin da Inna ta ce shi za a yi. Auta ke nan. Tun yana yaro in Inna ta ce rana ta faɗi, ko da tsakar rana ne shimfiɗa zai nema. Haushi ya kama ni, amma ban ga laifinsa sosai ba, don na san wadda ta haife mu.

Uwar mai jego ta zo daga Dangora don wankan jego, ni nake taya ta hura wuta da ɗebo ganye. Tsohuwa ce mai kunya, ba za ta taɓa buɗe baki gaban Inna a kan maganar jikanta ba. Sai wata safiya muna sauke tukunyar ruwan zafi, ta ce da ni a hankali, da Hausarta ta Fulani, su a wurinsu in saniya ta faɗi a mashaya sau biyu, ba a sake kora garke can, ko da ruwan ba shi da laifi. Daga haka ba ta ƙara ba, ta ɗauki ganyenta ta shige banɗaki.

Ita kuwa mai jego, abin da na lura da shi shi ne ba ta yi wa yaron wasa. Tana ba shi nono, tana gyara masa shimfiɗa, in ya yi kuka ta ɗauka. Amma irin surutun nan da uwa ke yi wa jariri, babu. In wata mai barka ta leƙa fuskarsa ta ce, "Abba ya dawo," sai ka ga ta ja zani ta rufe masa ƙafa, ko da a rufe take. Masu barka suka ce kunyar Fulani ce. Ni na san tsoro in na gan shi.

Da yammacin jajiberin suna na shiga wurin Inna, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na zauna na taya ta, na kewaya na kewaya, sannan na ce ko a wannan karon a bar yaron nan da wani suna, na Malam ya jira na gaba.

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Suna ne ke kisa? Shi mai sunan ba sai da ya tsufa ya tafi ba?"

Na ce haka ne.

"Waɗanda na binne kafin Auta, sunan Malam gare su?"

Na ce a'a.

"To camfi kike so in bi da tsufana? Ke da kika yi boko?"

Na ce, "Inna, ba camfi nake nufi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake."

Ta ce, "Ni sau nawa ya sare ni? Kin ga na gudu? Na gaba, na gaba, wa ya ba ki tabbacin ina nan za a yi na gaban? Tashi ki duba mini wake, kin cika ni da baki."

Na tashi. Gaskiya duk abin da ta faɗa daidai ne, ko gaban liman aka je ita za a ba gaskiya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

A unguwarmu raɗin suna a masallaci ake yi, ana idar da sallar asuba. Maza su tafi da goro da dabino da alewa, uban yaro ya matsa ya faɗa wa liman sunan a kunne, liman ya yi addu'a ya sanar, mata kuma muna gida muna jira mu yi guɗa. Ranar tun kafin assalatu muka tashi, an hura wutar waina, an ɗora kunu. Auta ya ɗauki ƙullin goro ya bi maƙwabta suka fita.

Inna ta ce in riƙo mata fitila, za ta zaɓi zanin da za a naɗe yaro in wanzami ya zo aski. Muka shiga ɗakin mai jego, tana zaune bakin gado da yaron a cinya. Inna ta buɗe akwatin mai jegon tana ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi duhu, wannan ya yi kauri. Can ƙasa hannunta ya taɓo wani farin yadi a ninke. Ta jawo shi ta warware. Alawayyo ne sabo, ko wanki bai gani ba, an yanka shi ɗan ƙarami. Duk macen da ta taɓa zama gidan rasuwar yaro ta san girman nan.

Inna ta ce, "'Yar nan, wannan fa?"

Mai jego ta ce, "Na saya ne tun da ciki, Inna."

"Na me?"

Mai jego ta ce, da muryar da take cewa gishiri ya ƙare, "Wancan karon ba ranar kasuwa ba ce. Sai da aka je har Kwana neman yadi, mutane na zaune suna jira a rana. Na ce kada a sake wahalar da su."

Inna ta tsaya da yadin a hannu tana kallonsa. Daga masallaci muka ji an tayar da salla. Ta zauna a kan akwatin, abin da ba ta taɓa yi a ɗakin suruka ba, ta ce da ni, "Ce wa Auta ya dakata. Ya sa na uban yarinyar nan, ko wanda ya ga dama. Ki yi sauri mana, kin tsaya kina kallona!"

Na danna kiransa, sai ga wayarsa tana ƙara a kan taga, kusa da kaina. Na ce innalillahi, wannan yaro! Na zura hijabi na fita, takalmin ma na wata mai aikin waina na saka.

Masallacin ba nisa, amma ni ba yarinya ba ce, ga hanya duk karan masara da aka zube. Ko da na isa an yi sallama. Na tsaya a waje inda ake ajiye takalma. Ƙofa a buɗe, ina hango Auta a sahun gaba dab da liman, ya ba ni baya, kowa ma ya ba ni baya. Na yi gyaran murya. Wani dattijo a sahun ƙarshe ya waiwayo, ya ga mace, ya ɗaga mini hannu alamar in yi haƙuri za a aiko mana da namu goron, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Abin da ya rage shi ne in ɗaga murya in kira ƙanena a kan mazan unguwa gaba ɗaya, a ƙofar masallaci. Ba a yi, ni ma duk bakina ban yi ba. Ina tsaye ina neman wanda zan yafito, na ga Auta ya sunkuya kunnen liman. Liman ya jawo abin magana, ya yi salati, sunan mahaifina ya fito ta lasifika ya bi gari.

Kafin in juyo na ji guɗa ta tashi daga gidanmu. Na komo a hankali, don babu sauran abin sauri.

Na tarar da su yadda na bar su, sai dai Inna ta ninke yadin ta ɗora a cinya. Ba ta tambaye ni komai ba, lasifika ta riga ni isowa. Na ce ko a faɗa wa Auta in ya dawo, a canja tun ba a yanka rago ba. Ta ce an faɗa gaban jama'a, an shafa fatiha, ya zauna ke nan, kada in sake in tayar da maganar in sa yaro cikin kunya. Mai jego da kanta ta ce, "Allah ya raya," muka ce amin.

Inna ta miƙa hannu aka ba ta jaririn. Na zaci za ta yi masa irin tsiyar da kaka ke yi wa jika, ta ce miji ya zo ba ko kuɗin cefane. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta ce, "Kai dai abu ɗaya nake roƙon ka. Ka bari in riga ka." Ta mayar wa uwarsa shi, ta miƙe da yadin a hammata. Mai jego ta bi yadin da ido. Inna ta ce, "Wannan ya zama nawa. In lokaci ya yi sai ku ƙaro a kai."

Aka yi suna kamar kowane suna. Aka yanka rago, wanzami ya yi aski, dangin Dangora suka zo da ƙwaryar nono da man shanu, aka ci waina har ta yi saura. Auta yana ta fara'a, a ganinsa ya faranta wa uwarsa, kuma har yau ban faɗa masa an aike ni ba. Washegari na hau acaɓa na koma gidana.

Yaron ya ji maganar kakarsa. Ya yi rarrafe, ya yi ƙafa, ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya, uwarsa ta fara ce masa Abba tana dariya. Daminar da aka sa shi a firamare Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Da muka zo yi mata sutura muka aika Kwana aka ƙaro yadi kamar yadda ta ce, ƙaramin nan kuwa da shi muka ɗaura mata kallabi. Matar Auta ce ta ɗaura, Abba yana waje yana rigima a ba shi ƙosan sadaka.