Guguwa da Ƙofar Hamani

Yayana Ilyasu manomi ne a Issawane, amma in an yi girbin hatsi sai ya koma farauta. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai zargi ya yi masa yawa. In ka gaishe shi da fara'a sai ya ce me kake nema, in ka wuce shiru kuma ya ce ka ƙulla masa wani abu. Mutum ɗaya ne bai taɓa zargi ba, maƙwabcinsa Hamani mai awaki. Tun suna samari suke cin tuwo akushi ɗaya, har ƙofa suka huda a dangar da ta raba gidajensu. Ta nan karyar Ilyasu, Guguwa, take ratsawa kullum safiya, Basira matar Hamani ta zuba mata ƙanzo.

Bara da rani gashin Guguwa ya fara zuba. Daga gefen kunne abin ya soma, ya gangara gwiwa da ciki, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo, ga susa ba hutawa. Yaya ya tsuguna ya ƙura mata ido, can ya ce, "Rakiya, wanga ƙuna ce. Ruwan zafi aka watsa mata."

Na ce, "Haba Yaya, wa zai yi haka?"

Ya ce, "Gidan wa take cin abinci?"

Ashe ya riƙe wata magana. Guguwa ta taɓa korar akuyar Hamani mai ciki, Hamani ya ce cikin raha, "Karyar nan watarana sai na dafa ta." Kowa ya yi dariya ya manta, ban da yayana.

Daga ranar ya daina fita cin tuwo. Ya ɗaure karyar, ya riƙa leƙen gidan Hamani ta ramin danga, yana kallon tukunyar Basira kamar a ciki laifin yake. Ya je wurin mai gyaran moto ya karɓo baƙin man da aka juye, ya shafe ta da shi tun daga kai har wutsiya. Baiwar Allah ta lashe, ta yi ta amai, ta kasa tashi. Maimakon ya ga aikin hannunsa, sai ya ce, "Kin gani? Har guba sun ba ta!"

Na yi masa magana har bakina ya gaji. Ina! Ya kai ƙara gaban maigari, ya sa Hamani, dattijo da furfura, ya dafa Alƙur'ani a bainar jama'a. Ran nan kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da karyar ta kusa mutuwa ne na matsa masa muka ɗora ta a amalanke ran kasuwar Mayahi. Likitan dabbobi ya kankare fatar, ya duba, ya ce ƙazuwa ce, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa cikin fata. Ya yi faɗa sosai kan baƙin man. Sannan ya ce, "Malam, ta kama dila ko yanyawa kwanan baya?"

Yaya ya ce e. Ta kama yanyawa, wata ramammiya mai tsiraran gashi. Shi kuma al'adarsa ce, duk abin da kare ya kamo da kansa, a feɗe a shimfiɗa masa ɗanyar fatar ya kwana a kai, wai girmamawa. Likitan ya ce daga nan ta kwaso cutar, sannan ya dubi yadda Yaya ke sosa damtsensa, ya ce shi ma ya nemi magani a asibiti.

Aka yi mata allura, aka ba mu maganin wanka, aka ce mu ƙona shimfiɗarta mu dawo da ita a ƙara allurar. Kafin damina gashi ya tsiro, luf, kamar ba a yi ba.

Amma tun ran da muka dawo daga Mayahi muka tarar Hamani ya toshe ƙofar dangar da sabon kara. Yaya ya zagaya ta waje ya ba shi haƙuri. Hamani ya ce, "Na yafe, Ilyasu," ya shige gida bai ce masa zauna ba.

Yanzu yayana shi kaɗai yake cin tuwonsa. Guguwa kuwa kullum safiya tana zuwa gindin sabon karan nan ta kwanta, tana jiran ƙanzon Basira.